Mai Dubu Ashirin

Ba zan taɓa mantawa ba, littafin da ke hannunsa ne ya fara ɗaukar idona tun kafin in ga fuskarsa. A bakin layin masu kifi ne a kasuwar Yelwa, ƙarƙashin wata shuɗiyar lema da rana ta fara cinye launinta. Ko'ina hayaniya, 'yan kabu-kabu na ta danna hon, masu dako na ihun a ba su hanya da kwandunan banda a ka, amma shi yana zaune a benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana karatu kamar shi kaɗai ne a duniya. A gabansa ɗan teburi ne da na'urar POS, irin wadda ake cire kuɗi ko a tura a wurin masu ita. Na tsaya cak da kwandon Inna a hannu. Na ce a raina, shi ke nan, ga shi ya iso.

Bari in faɗa muku ko ni wace ce a lokacin, don ku sassauta mini. Shekarata biyu da gama sakandare, ina zaune a gida, kuma babu littafin soyayya ko ɗaya a shagon hayar littattafai na unguwarmu da bai kwana ƙarƙashin matashina ba. Na san yadda ake haɗuwa: ko mota ta watsa wa yarinya ruwa, ko takardunta su zube saurayi ya durƙusa ya tsince. Na san jarumi ba ya yawan magana, kuma duk shirun da ya yi so ne ke cin sa a ciki. Abin da ban sani ba shi ne yadda budurwar da ke warin hayaƙi tun daga ɗankwali har silifa za ta shiga irin wannan labari. (A littattafan, jaruma ƙamshi take yi ko da daga barci ta tashi. Ni kuwa kyanwowin unguwa ne ke bina a baya.)

Inna sana'ar kifin banda take yi tun kafin a haife ni. Da sassafe masunta ke sauke tarwaɗa da karfasa a bakin ruwa, mu kwaso, mu wanke, mu naɗe tarwaɗar mu soke ta da tsinke, mu jera a kan raga, hayaƙi ya yi ta tashi har la'asar. Har yau in na ji ƙamshin itacen banda sai in ga tsakar gidanmu na wancan lokaci, Inna ta ɗaure ƙugu da tsohon gyale tana juya kifi da hannu kamar wuta ba ta ƙuna. Duk lissafinta a ka yake, ba ta taɓa riƙe biro ba. To sai zamani ya juya, masu sari daga nesa suka daina zuwa da kuɗi a jaka, kowa sai ya ce a ba shi lambar asusu. Yayana da ke aiki a Birnin Kebbi ya zo ya buɗe wa Inna asusu biyu, ɗaya na ciniki ɗaya na ajiya, ya damƙa mini katunan da wata babbar waya, ya sa mini manhajar lissafin kuɗi a ciki.

A tasha ya koya mini ita, a tsaye, mota na jiran sa. Koren maɓalli in kuɗi ya shigo, ja in ya fita, ga kuma ɗan fili a ƙasa na rubuta bayani. Akwai wani na uku, ƙarami mai ruwan toka, da kibiyoyi biyu, ɗaya ta kalli gabas ɗaya yamma. Ya fara cewa, "Wannan kuma in za ki..." sai direba ya danna hon. Ya shige mota yana cewa zai kira ni. Bai kira ba, ni ma ban tambaya ba. Abu mai ruwan toka ai ba zai zama mai muhimmanci ba.

Yanzu ga matsalata. Budurwa ba ta zuwa ta tsaya gaban lemar saurayi haka kawai. Ba ni da kuɗin kaina da zan riƙa cira, na Inna kuwa amana ne. Kwana uku ina tunani, sai dabara ta zo mini, kuma na rantse a lokacin na ɗauka ban taɓa yin wayo irin wannan ba. Zan kai masa katin ciniki in ce ya tura dubu ashirin zuwa asusun ajiya. Bayan kwana uku in kai katin ajiya in ce ya mayar da su. Ko kwabo na Inna ba zai yi ciwon kai ba. Cajin naira ɗari biyu kuwa in biya daga kuɗin hayar littattafaina. (Eh, na iya tura kuɗin da wayata ina kwance a ɗaki. Na iya sarai. Kada wanda ya tambaye ni.)

Ranar Litinin na yi wanka sau biyu, na tafi.

"Sannu da rana, Malam."

"Yauwa, sannu. Cira ko turawa?"

"Turawa."

"Nawa?"

"Dubu ashirin."

Ya karɓi kati, na danna lambobina, na'ura ta tofo risit, ya rubuta a wani dogon littafi mai baƙin bango, ya koma karatunsa. Wannan ita ce hirarmu ta farko. In gaya muku gaskiya, ita ce kuma ta biyu, da ta goma, da ta talatin. Sunansa ma daga bakin mai rake na kusa da shi na ji: Nafi'u. Na yi ta maimaita shi a hanyar gida har na wuce ƙofarmu.

Ni mai riƙon amana ce, don haka duk abin da ya faru sai na shigar a manhaja. Alat, wato saƙon banki, ya shigo cewa dubu ashirin sun sauka a asusun ajiya, na danna kore, ai kuɗi ya shigo. Sai na tsaya kan jan maɓalli ina tunani. An kashe kuɗin nan? Ba a kashe ba. An sayi itace ko gishiri da shi? A'a. To a kan me zan rubuta ya fita? Na bar shi. Ranar Alhamis da suka koma asusun ciniki, alat ya sake shigowa, na sake danna kore. A ƙasan kowane alat banki kan rubuta abin da ya rage a asusu, amma ni ban taɓa kai idona layin ƙasa ba. Hankalina na kan filin bayani, domin a nan na sami wurin da babu mai leƙawa. Inna ba ta karatun boko, wayar kuma da lambar sirri. Duk abin da zuciyata ta ɗebo daga ƙarƙashin shuɗiyar lema, a nan nake juye shi.

Wata huɗu ina wannan sintiri, Litinin da Alhamis, sau talatin da biyu. Manhaja kuwa sai zana mini wani koren layi take yi yana ta hawa sama. Na ce lallai so albarka ne, tun da na fara shi kasuwar Inna ta buɗe.

Inna na da buri ɗaya da ta daɗe tana renonsa. Ƙanenta, Kawu Garba, masunci ne a Wara, da filafili yake tuƙa jirginsa har lokacin. A sana'armu, mai banda kan saya wa masunci raga ko inji, shi kuma duk abin da ya kamo ita zai fara kawo wa. Inna na son ta saya wa Kawu inji ya riƙa shiga tsakiyar tafkin Kainji inda manyan giwan ruwa suke. Wata ranar Juma'a tana tsefe mini kai ta ce, "Auta, duba mini abin nan naki. Nawa muka tara?"

Na duba. "Dubu ɗari tara da goma, Inna."

Hannunta ya tsaya a kaina. "Mi kika ce?"

Na maimaita, har da nuna mata koren layin.

"Ni dai a lissafina ba mu kai nan ba," in ji ta a hankali. "Amma ku ne masu boko."

A ranar ta aika wa Kawu. Ya sami wani mai sayar da inji na hannu, suka daidaita, ya zo Yelwa ranar kasuwa da sabuwar hula da buhun da za a zuba kuɗi. Muka ɗunguma banki mu uku. Ma'aikaciyar ta danna, ta danna, ta rubuta a 'yar takarda ta turo mini. Asusu biyun a haɗe, dubu ɗari biyu da saba'in.

A bakin ƙofar banki Kawu ya fara. "Yaya, wa ke riƙe da katin?"

"Auta."

"Ke ɗiyata, ban da ke wa ya taɓa shi?"

Ya kamata in yi shiru in yi tunani. Amma wallahi a lokacin ban gane ba, na yarda da wayar nan fiye da yadda na yarda da kaina. Bakina ya suɓuce na ce, "Sai dai mai POS na bakin layin kifi."

"Na sani!" in ji Kawu. "Su ne masu kwashe lambar kati!"

Abin kunyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau shi ne, muna tafe a baya-bayan Kawu, wani ɓangare na zuciyata daɗi yake ji. Na karanta irin wannan. Kyakkyawan saurayi ya yaudari marainiyar Allah, ta yi kuka, daga baya ya dawo yana neman gafara cikin ruwan sama. Har na fara shirya abin da zan ce masa.

Mun tarar da layi a gaban lemar, mutum shida ko bakwai. Kawu bai yi sallama ba.

"Kai mai lema! Fito da kuɗin mutane!"

Nafi'u ya miƙe. "Baba, lafiya? Wane kuɗi?"

Inna ta sha gaban Kawu. "Yaro, ban zo da faɗa ba. Dubu ɗari shida da arba'in sun yi ƙafa, kuma katin nan hannu biyu ya sani, na ɗiyata da naka."

Kasuwa ba ta buƙatar gayyata. Kafin ka ce me, an kewaye mu. Wata mata da ta riga ta miƙa katinta ta sa hannu ta fizge abinta daga kan teburi. Wani daga baya ya ce, "Dama shirun wanga yaro ya yi yawa." Layin nan ya watse, kowa ya koma ɗan kallo. Mai POS ba shi da shago, ba shi da kaya a kanta, yardar mutane ce kawai jarinsa, kuma ina tsaye ina kallo tana tsiyayewa.

Ya dube ni, karo na farko da ya dube ni sosai. Ya ce, "Ke ce mai dubu ashirin, ko?"

Wata huɗu. Wanka sau biyu. Ashe sunana ke nan a wurinsa.

Ya buɗe baƙin littafinsa ya fara bi da yatsa. "Litinin, dubu ashirin daga na ciniki zuwa na ajiya. Alhamis, dubu ashirin daga na ajiya zuwa na ciniki. Litinin kuma... Inna, kuɗin nan guda ne. Zuwa yake yi yana dawowa. Ni ma na sha mamaki, amma ba a tambayar mai kuɗi dalilinsa."

A nan ne abin ya faɗo mini a ka. Dubu ashirin sau talatin da biyu. Ban taɓa cin lissafi a makaranta ba, amma wannan ya fito mini tsaf, har da sifilinsa.

"Littafinka ne, kai ka rubuta abinka," in ji Kawu. "Waya ta ce dubu ɗari tara. Waya ba ta ƙarya."

Cikin waɗanda suka zo cirar kuɗi akwai Malam Isiyaku, tsohon hedimastan firamarenmu, mutumin da in ya yi magana a filin makaranta ana ji daga bakin ruwa. Ya gyara tabarau ya ce, "Abu mai sauƙi. A ba ni wayar, a ba ni littafin, in gwada su layi da layi a gaban kowa."

Duk ido ya dawo kaina. Na damƙe wayar a ƙirji. Zan iya cewa caji ya ƙare. Zan iya cewa na manta lambar sirri. Da na yi haka, da an watse ana cewa ba a dai kama shi ba ne, kuma da babu mai sake miƙa masa kati a kasuwar nan. Na dubi Nafi'u. Babu wani jarumi a wurin. Wani saurayi ne siriri da gumi a kan hanci. Na danna lambobin na miƙa.

"Malam," na ce da 'yar muryar da ta rage mini, "ba sai an karanta bayani ba."

"A'a ɗiyata, ba a yin bincike rabi." Ya yi gyaran murya. "Litinin! Kuɗin shiga, dubu ashirin. Ya yi daidai da littafi. Bayani: Yau ya sa riga mai ruwan sararin samaniya. Da ya miƙo risit, saura kaɗan yatsansa ya taɓa nawa."

Malam ya matsa yatsa zuwa layi na gaba.

"Alhamis! Kuɗin shiga, dubu ashirin. Bayani: Bai ɗago ya dube ni ba. Na san ɓoye abin da ke ransa yake yi, haka masu zurfin ciki suke." Ya leƙo ta saman tabarau ya dubi Nafi'u, ya koma. "Litinin! Dubu ashirin. Bayani: Yau ya yi atishawa. Har atishawarsa mai aji ce."

Mai rake ne ya fara ƙyalƙyalewa. Dariyar ta kama layin kifi, ta tsallaka wurin masu tattasai, wata tsohuwa har da zama a ƙasa tana riƙe ciki. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska ina roƙon Allah ya turo ambaliya daga Kainji ta tafi da ni.

"Malam, ya isa," in ji Inna. "Kuɗin dai nike tambaya."

"Hajiya, babu kuɗin da ya ɓace, don babu shi tun farko. Kamar ki ɗebi kifi daga wanga kwando ki zuba a wancan, ki ƙirga shi sabon kamu. Gobe ki mayar, ki sake ƙirgawa."

Inna ta ƙirga da yatsu. Sannan ta ce, "Ɗari biyu da saba'in. Haka lissafina ya ba ni tun farko."

Abin da ta yi bayan nan shi ne ya sa har gobe nake alfahari da ita. Ba ta dube ni ba. Ta karɓi katin daga hannuna ta miƙa wa Nafi'u, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ɗana, cire mini dubu biyar. Daga yau nan ne wurin cirata." Ta waiwaya ta kamo hannun matar da ta fizge katinta ta dawo da ita layi. Kawu ya cire sabuwar hularsa ya ce, "Jama'a ku shaida, yaron nan ba shi da laifi, ni na yi gaggawa. Ɗana, ka yafe mini."

Da mutane suka ragu, Nafi'u ya karɓi wayar daga hannun Malam Isiyaku. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Idonsa a ƙasa ya ce, "Malama, kin ga wannan mai ruwan tokan? In kuɗi daga asusunku zai koma asusunku, shi za ki danna. Ki zaɓi inda ya fito, ki zaɓi inda ya tafi. Sai ya rage a nan ya ƙara a can, jimilla ba ta motsa ba."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Ina sunkuye sai idona ya faɗa kan littafin nan da yake karantawa, wanda na daɗe da yanke cewa na waƙoƙin bege ne. Yana buɗe a kan benci. Zanen cikin injin jirgin ruwa ne, an warwatsa shi gunduwa-gunduwa da lambobi a jiki. Kawu ma ya gani. Ya ce, "Kai, ka san inji?" Suka zauna a benci ɗaya. Mun bar su a nan suna ta hira kamar ba su ne ɗazu ba. Wata huɗu ina neman abin da Kawu ya samu cikin minti biyar.

A gida na jira faɗa, bai zo ba. Inna ta zauna gaban banda tana juya kifi, can ta ce, "Nawa kika biya shi cajin?"

"Dubu shida da ɗari huɗu."

"Da kin faɗa mini, da na aike ki ki kai masa kifi kyauta." Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har hawaye, ta ce hayaƙi ne.

Na kwana uku ina goge koraye talatin da biyu ina mayar da su masu ruwan toka, ina kallon layin arzikinmu yana saukowa ƙasa. Na shekara ban bi ta layin kifi ba, ta bayan masu tukwane nake zagayawa, amma duk da haka in na gifta sai wani ya ƙirƙiro atishawa. Injin Kawu kuwa sai bayan shekara ɗaya da rabi aka saya, da kuɗin gaske.

Abin da na koya, tun daga ranar in na ga abu ya shigo, kuɗi ne ko murmushi, sai na duba daga ina ya fito kafin in danna kore. Duk son da na yi ta ƙirgawa a wata huɗun nan, babu ko kwabo da ya fito daga wurin Nafi'u. Nawa ne yake zuwa ƙarƙashin lema yana dawowa, ni kuma ina murna na yi riba, har ina biyan caji.

Yanzu ni ke riƙe da sana'ar, Inna ta koma ba da umarni daga kan tabarma. Na yi aure, ga 'ya'ya biyu, mijina kuma mai surutu ne, na gode Allah, ba sai na fassara shirunsa ba. Bara injin Kawu ya lalace, na bi shi Wara don in biya kuɗin gyara. Kawu ya kai ni wata rumfa a bakin ruwa, injuna jere a kan katako, wani mutum mai tumbi da baƙin mai har gwiwar hannu ya fito yana goge hannu da tsumma. Nafi'u ne. Ashe Kawu ne ya ja shi can tun shekarun baya, yanzu duk masuntan yankin wurinsa suke kawo gyara. Matarsa na gefe da na'urar POS a kan teburi, da jariri a baya.

Ya dube ni, ya ƙara dubawa, sai ya washe baki. "A'a! Mai dubu ashirin!" Ya juya wurin matarsa. "Wannan in ta zo kada ki karɓi caji, ta riga ta biya tun tuni."

Muka yi dariya dukanmu. Ana cikin haka ƙurar rumfar ta shige masa hanci, ya saki wata atishawa da ta sa awakin da ke kwance a gindin jirgi suka watse.

Na ciro waya, na danna ja, na shigar da kuɗin gyara. A filin bayani na rubuta: injin Kawu.